Me Ke Cikin Bokitin Fenti? Darasi a Kan Ƙa'idar Fenti a Gine-gine Masu Kyautata Muhalli

Lokacin da nake SIWES an tura ni wani aiki a nan Nassarawa GRA, ba nisa da makarantarmu ta Titin Matan Fada. Tsohon gida ne irin na zamanin Turawa, mai faffaɗar baranda da dogayen tagogi, wani ya saya zai mayar da shi ofis. Kun dai san yadda unguwar take komawa yanzu: gidan jiya, yau makaranta ne ko asibiti ko ofis. Aka cire tsofaffin tagogin da iska ke ratsawa, aka sa na alminiyom masu rufewa ruf, aka yi silin na zamani, aka kafa na'urar sanyaya ɗaki ko'ina. Ranar Juma'a mai fenti ya ga fentin man da zai shafa wa ƙofofi ya yi kauri, sai ya miƙo min jarka ya ce, "Ɗan makaranta, zo ka karɓo mana fetur lita ɗaya wajen ɗan bumburutun can." Na tafi da saurina, har ina jin daɗi an sa ni aiki. Ya tuttula a galan, ya juya da sanda, ya shafa. Ran Litinin ma'aikata suka tare.

Kafin Laraba baiwar Allahn da ke zama a teburin karɓar baƙi idonta ya yi ja, kanta na sarawa, kowa na ce mata ta sha maganin zazzaɓi. Mai wurin kuwa cewa yake, ai ƙamshin sabon wuri ne, zai wuce. Ni da na ɗauko jarkar ban kawo komai a raina ba sai bayan shekara guda, da muka zo kan wannan darasi a aji. Shi ya sa na ga ya dace in kawo shi nan, musamman don 'yan uwa masu karatun gini, zanen gini, ƙiyasin kayan aiki da kimiyyar ɗakin gwaji, domin gobe mu ne za mu riƙe takardun wurin aiki.

Abin da ke tashi daga bango

Kowane fenti haɗin abu huɗu ne. Akwai garin launi, akwai ɗanƙon da ke manna launin a jikin bango, akwai ruwan da ke ɗauke da su har a samu a shafa, sannan akwai 'yan ƙananan sinadarai da ake ƙarawa don kada ya ruɓe, ko ya yi kumfa, ko ya yi saurin daskarewa. Idan aka ce fenti ya bushe, ma'anarsa na ukun nan ya bar bango ya shiga iska. A fentin ruwa, yawancin abin da ke tashi ruwa ne. A fentin mai da banish da fentin feshi kuwa, abin da ke tashi dangin tina ne da kananzir, wato sinadaran da aka samo daga man fetur.

Waɗannan sinadarai masu tashi su ake taƙaitawa da VOC a jikin bokiti da cikin takardu. Suna da sinadarin kabon a jikinsu, kuma ba sa buƙatar wuta kafin su zama tururi, zafin ɗaki ya ishe su. Tarayyar Turai ta yanke iyaka a kan duk wanda ke tafasa a ma'aunin zafi 250 ko ƙasa da haka. A cikinsu akwai toluwin, zailin, benzin da fomaldehaid. Na gaggawa daga cikin illarsu shi ne abin da ya sami baiwar Allahn nan: raɗaɗin ido, kaikayin maƙogwaro, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ga mai asma kuma ta tashi. Na nesa ya fi muni. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa benzin da fomaldehaid a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, kuma tun 1989 ta sa sana'ar fenti ita kanta a wannan rukuni. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna ta gano cewa yawan wasu daga cikin sinadaran nan a cikin gida kan ninka na waje sau biyu zuwa biyar, ko da gidan a ƙauye yake.

A Kano abu biyu ke ƙara wa lamarin nauyi. Zafi yana hanzarta tashinsu, ga shi a watan Afrilu rana kan kusa 40. Sannan mun koyi rufe ɗaki: da hunturu saboda ƙura, da damina saboda sauro, da bazara saboda kada sanyin na'ura ya fita. Na'urar da muke maƙalawa a bango kuwa ba ta shigo da sabuwar iska, wadda ke ɗakin take juyawa tana sanyaya ta. Ku tuna ɗakin amarya: fenti ran Talata, jere ran Alhamis, sababbin kujeru da kabad na matsattsen katako, a rufe taga, a turara turaren wuta a kai. Haka ɗakin mai jego da ake gyarawa kafin suna.

Takardar shaidar da ake magana

Idan ka ji Bature ya kira gini kore, ba koren fenti yake nufi ba, kada wani ya je ya rubuta haka a jarrabawa. Gini ne da aka tsara don ya rage cin wuta da ruwa, ya rage ɓarna ga muhalli, ya kuma kare lafiyar mazauna ciki. Da yake kowa na iya cewa nasa haka yake, sai aka kafa tsare-tsaren da ke dubawa su ba da shaida. Na farko shi ne BREEAM na Birtaniya, 1990. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne LEED na Amurka, wanda aka fara gwada shi a 1998. Akwai kuma EDGE na hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya. A Legas, Heritage Place da ke Ikoyi da Nestoil Tower da ke Victoria Island suna cikin gine-ginen farko da suka sami shaidar LEED a ƙasar nan.

Ba duka ne suka damu da abin da ke cikin bokiti ba. EDGE abu uku yake nema: ragin kashi 20 cikin 100 a wuta, a ruwa, da kuma a abin da aka ƙona wajen ƙera kayan ginin. Inda fenti ya shigo masa shi ne farin rufi da bangon waje mai mayar da hasken rana. Ƙa'idar tsimin wuta a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ita ma hankalinta na kan tagogi, inuwa, rufi, fitilu da na'urar sanyi. Saboda haka gini zai iya samun EDGE alhali iskar cikinsa na sa ciwon kai. LEED da BREEAM su ne ke tambayar me aka shafa a ciki, don haka a kan LEED za mu tsaya.

LEED maki ne, kamar jarrabawa, jimillarsa 110. Maki 40 matakin farko, 50 azurfa, 60 zinare, 80 filatinam. Kayan da ba sa fitar da sinadarai da yawa suna kawo maki ɗaya zuwa uku. A bugun 4.1 an raba kayan cikin gini rukuni takwas, fenti ɗaya ne daga ciki, sauran su ne irin su gam, daɓe, silin, kujeru da matsattsen katako. Fenti shi kaɗai ba ya kawo maki, sai an haɗa shi da aƙalla wani rukunin guda. An fitar da bugu na 5 a 2025, don haka tambayar farko a kowane aiki ita ce: da wane bugu aka yi rajista? Alƙaluman da zan kawo na bugu na 4 ne da 4.1.

Jarrabawa biyu, ba ɗaya ba

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Fenti yana fuskantar gwaji iri biyu, kuma cin ɗaya ba ya nufin cin ɗayan.

Gwajin farko yana tambayar nawa ne a cikin bokiti. Ana auna shi da giram a kowace lita. LEED ba ta ƙirƙiri nata alƙaluma ba, ta aro na jihar Kalifoniya ne. A ƙa'idar hukumar iska ta jihar ta 2007, fentin bango marar sheƙi bai wuce giram 50 a lita, mai ɗan sheƙi 100, mai sheƙi sosai 150. Tarayyar Turai na da tata doka ta 2004, wadda tun 2010 ta tsayar da fentin bangon ciki marar sheƙi a giram 30, mai sheƙi a 100, na ƙofofi da ƙarfe kuwa 130 idan na ruwa ne, 300 idan na mai ne. A wannan gwaji ana son duk fentin da aka shafa a cikin ginin ya ci, ɗari bisa ɗari.

A kula fa, giram ɗin Amurka da na Turai ba ɗaya ba ne. Turai na raba nauyin sinadarin da dukan litar, har da ruwan ciki, a yadda za a shafa shi. Amurka sai ta cire ruwan tukun. Ɗauki lita guda mai giram 40 na VOC wadda rabinta ruwa ne. Turai za ta rubuta 40. Amurka za ta raba 40 da rabin lita ta rubuta 80. Fenti ɗaya, lamba biyu. Idan ka ga lamba a takarda ba a faɗi da wace hanya aka auna ba, ba ka ga komai ba tukuna.

To me ya sa wannan gwaji bai wadatar ba? Tarihinsa ne ya jawo. Kalifoniya ba don mai zama a ɗaki ta kafa dokar ba. Birnin Los Anjeles ne hayaƙi ya turnuƙe, aka gano sinadaran nan na haɗuwa da hayaƙin mota a ƙarƙashin rana su zama gurɓatacciyar iska a sararin gari. Saboda haka duk sinadarin da ba ya taimaka wa wannan haɗuwa sai aka yafe masa, ba a ƙirga shi. Asiton, wanda mata ke goge jan farce da shi, tun 1995 Amurka ta cire shi daga lissafi. Hancinka kuwa bai san an yafe masa ba. Haka kuma ɗan abin da bai kai giram guda a lita ba, in dai fomaldehaid ne, zai iya yin illar da giram hamsin na wani ba zai yi ba.

Shi ya kawo gwaji na biyu, wanda ke tambayar me ke fitowa daga bango bayan an shafa. Hanyar da aka fi bi ita ce ta ma'aikatar lafiya ta Kalifoniya, CDPH, bugun 2010 ko na 2017. Ana shafa fentin a kan faranti, a bar shi kwana 10, sannan a sa shi a wani akwati na ƙarfe da ake sarrafa zafinsa da iskarsa na kwana 4. A rana ta 14 sai a auna abin da yake fitarwa, a yi lissafin yadda zai kasance a aji ko a ofis, a gwada da iyakar sinadarai 35 ɗaya bayan ɗaya. Iyakar fomaldehaid maikrogiram 9 ce a kowace mita kubik ta iska. Don ku gane tsananin, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2010 ta sa tata iyaka a 100, na zaman minti 30. A bugu na 4 ana son kashi 90 cikin 100 na fentin ya ci wannan gwaji, a 4.1 aka sassauta zuwa 75.

Ba kai za ka yi gwajin ba, kamfanin fenti ne ke kai kayansa a ba shi takarda. Tambarin GREENGUARD Gold, alal misali, yana nuna an ci gwajin CDPH. Amma kalmomi irin su "marar wari" ko "mai kare muhalli" da aka buga a jikin bokiti talla ce, ba shaida ba. Wari ma kansa ba ma'auni ba ne. Amoniya tana hawa kai amma ba VOC ba ce, domin ba ta da kabon, wasu masu illar kuma ba ka jin su sam.

Mu ɗauki biro

Ga aji mai tsawon mita 9, faɗin mita 7, tsayin mita 3. Bango huɗu murabba'in mita 96, a cire 16 na ƙofa da tagogi, saura 80. Silin 63. Jimilla 143. Shafi biyu, a ce lita guda na cin murabba'in mita 10, muna buƙatar kusan lita 30 na fentin ruwa. Ƙofofi da ƙarafan taga kuma galan ɗaya na fentin mai, lita 4. Don sauƙin lissafi za mu bi awon Turai, lambobin kayan kuma na misali ne: a ce takardar fentin ruwan ta nuna giram 10 a lita, ta fentin man 400.

Fentin ruwa: 30 sau 10, giram 300. Fentin mai: 4 sau 400, giram 1,600. Ka ga galan ɗaya ya ninka abin da bokiti ɗaya da rabi suka fitar fiye da sau biyar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take. Kuma a makarantunmu da asibitocinmu an saba shafe rabin bango na ƙasa da fentin mai don a riƙa wankewa, wanda a wannan aji zai ƙara wajen lita 8, wato kilo 3.2. Mu bar wannan a gefe.

A gwaji na biyu, idan fentin ruwan na da takarda, lita 30 cikin 34 kashi 88 ne, mun haye 75. A gwaji na farko fentin man ya faɗi, domin 400 ya wuce 300. Sai dai LEED ta bar ƙofa guda, wato kasafi: a tara abin da aka yarda maka, a tara abin da ka shafa, a gwada. An yarda mana 30 sau 30, wato 900, da 4 sau 300, wato 1,200, jimilla 2,100. Mun shafa 300 da 1,600, jimilla 1,900. Mun tsira da ƙyar, rarar fentin ruwan ta rufa wa na man asiri.

Yanzu a kira ɗan makaranta ya kawo jarka. Litar fetur tana da nauyin kusan giram 740, kuma kusan dukansa tashi yake. Galan ya koma lita 5 mai giram 2,340, wato 468 a lita. Ko an yi mana alfarma an ƙirga mana lita 5 ɗin, abin da aka yarda 2,400 ne, mu kuma mun kai 2,640. Makin ya tafi. Ga shi fetur na ɗauke da benzin, wanda kamfanin fentin bai sa a kayansa ba, mu muka zuba da hannunmu. Wanda ya biya kuɗin fenti mai tsada, da wanda ya zana ginin, duk ba su san an yi ba.

Fentin bayan gida, da maganar dalma

Kada a ɗauka duk fentin ruwa lafiya lau ne. Da yawanmu mun koyi haɗa fenti a darasin sana'o'in dogaro da kai ko wajen masu koyarwa a unguwa, kuma sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gidaje. Amma duba jerin kayan haɗin da ake bayarwa: kusan kullum za ka ga fomalin don kada fentin ya ruɓe, da amoniya, wasu har da kananzir. Fomalin ɗin nan, wanda 'yan kimiyya ke jiƙa kwaɗo a ciki a ɗakin gwaji, fomaldehaid ne kusan kashi 37 cikin 100 a cikin ruwa. Idan da murfin gora ake auna shi, yau kaɗan gobe da yawa, babu mai iya faɗa maka me bangon zai fitar. A ganina wanda zai ci kasuwar gobe a cikinmu shi ne wanda ya koma awo da sikeli, ya nemi maganin ruɓa da ba ya sakin fomaldehaid, ya kuma rubuta abin da ya zuba. Launin da ake ɗigawa a farin fenti a shago shi ma yana iya ƙara VOC, musamman idan launi mai duhu ake so.

Dalma kuwa wata magana ce daban, kuma ɗalibai na yawan gwama su. Dalma ba ta tashi a iska, don haka gwajin VOC ba ya ganinta. Tana zaune a bango har fentin ya tsufa ya fara ɓarewa, ko a goge shi da sanfefa, ta zama ƙura, yaro ya sa hannu a baki. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, duk da cewa can daga dutsen zinare ta fito. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira a bi ita ce kashi 90 cikin miliyan. Binciken da ƙungiyar SRADev ta yi tare da IPEN a 2017 ya sami yawancin fentin man da aka auna daga kasuwannin Najeriya sun haura wannan iyaka. Rawaya, ja da ruwan lemo masu haske su aka fi samu da ita. Tsofaffin gidajen GRA da ake kankarewa a bushe, ƙura na tashi, almajirai na kwasar buraguzai, abin dubawa ne.

Ku leƙa Gidan Ɗan Hausa

A nan unguwar tamu akwai darasin da ba ya buƙatar kuɗin mota. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ginin ƙasa ne. Maginan Kano na da nasu kayan shafe: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina da gashin jima da dafara, sai farar ƙasa. Babu tina a ko ɗaya. Ba ina cewa a shafe banki da makuba ba ne, farar ƙasa ma kowa ya san yadda take bin riga idan ka jingina, kuma gyara take so kusan duk shekara. Abin lura shi ne LEED na da jerin kayan da ta ɗauka ba sa fitar da komai tun asali, ba sai an gwada su ba: dutse, tayil, gilashi, kankare, jan bulo, da katakon da ba a shafa masa komai ba. Bangon jan bulo da aka bari haka nan ba ya neman takardar kowa. Mai zanen gini yana iya rage rabin wahalar tun a kan takarda, ta hanyar rage wurin da za a shafa.

Aikinka a wurin gini

Maki ba a shago ake cinsa ba, a fayil ake ci. Abu na farko, a rubuta sharaɗin a cikin takardar ƙiyasi tun kafin a ba da kwangila: iyakar giram ga kowane irin fenti, da cewa ba a sirka shi da komai sai abin da kamfanin ya ce, gwargwadon da ya ce. Idan ba a rubuta ba, ba ka da bakin hana ɗan kwangila sayo mai araha, kuma ba laifinsa ba ne. Na biyu, kafin bokiti ya shigo a karɓi takardar bayanin kayan da takardar kariya daga dillali. Manyan kamfanoni irin su CAP da Berger suna da irin waɗannan takardu, tambaya ce ba mu saba yi ba. Na uku, ka buɗe littafi: sunan fenti, kamfani, ɗakin da aka shafa, lita nawa, giram nawa, iyaka nawa, takardar gwaji da ranarta. Har da fentin share fage, da na hana tsatsa, da banish ɗin kafinta. Shi kafinta ma an fi mantawa da shi, sai ya zo ranar ƙarshe da 'yar kwalbarsa a aljihu.

Tsarin aiki ma yana da tasiri. Kafet, labule, katifa da kujerun yadi suna shanye tururin fenti su riƙa sakinsa a hankali, don haka a gama shafi ya bushe kafin su shigo. Abin da za a iya fesawa a waje, kamar ƙofofin ƙarfe, a fesa a waje.

Shi kuma mai fentin, wanda ya fi kowa shaƙa, a gaya masa gaskiya cikin girmamawa, don ya girme ka a sana'ar. Ƙyallen da yake ɗaurawa a hanci ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake, sai takunkumi mai gawayi a ciki. Wanke hannu da fetur yana shigar da shi ta fata. Gwangwanin madarar da ake sha bayan feshi kuma ciki yake tafiya, bai san hanyar huhu ba.

Bayan an gama, LEED na da wani makin daban na wanke ginin da iska kafin a tare: mita kubik 4,267 ta iskar waje ga kowane murabba'in mita. A ajinmu na ɗazu wannan na nufin a sauya iskar ɗakin kaf sau 1,400 da 'yan kai. Idan fanka da tagogi na sauya ta sau 6 a awa, kwana 10 ke nan ba dare ba rana. Sai dai an sa sharaɗin zafin ciki ya tsaya tsakanin 15 da 27, laima kuma kada ta wuce kashi 60. Wanda ya rubuta wannan bai yi bazara a Kano ba. A Afrilu zafi ya hana, a Agusta laima ta hana, da hunturu ne ya fi dacewa, shi kuma ga ƙura sai an tace. Mafita ita ce ɗaya hanyar da aka yarda da ita, wato a kira masu awo su auna iskar ɗakin. Ga gidan da ba ya neman shaidar kowa kuwa, kwana 10 ɗin nan shi ne abin ɗauka: a matso da ranar fenti baya, a bar tagogi a buɗe, jere ya biyo daga baya.

Ga aikin gida ga mai so. Idan ka bi ta Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ka tsaya a shagon fenti, ka gaida mai shago, ka nemi izinin duba bokiti biyar. Rubuta nawa ne aka buga musu lambar VOC, nawa ne suka faɗi hanyar awo, nawa ne suka ambaci dalma. Sannan ka auna ajinku da tef, ka sake lissafin nan da ainihin lambobin da ka samo, har da rabin bangon da aka shafe da fentin mai.